Me ya sa ruwa ke ƙware Baba amma tuwo yake wucewa lafiya?

Bazazzagiya, Gyallesu

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da nas-nas da ke wannan zaure. Mahaifinmu mai shekara 71 ya samu shanyewar ɓarin jiki sati 3 da suka wuce, an sallame shi yana gida. In an ba shi tuwo mai laushi da miyar kuka yana ci ba matsala, amma da ya kurɓi ruwa ko shayi sai tari ya turnuƙe shi, idonsa ya kawo ruwa, muryarsa ta koma kamar ta mai kurkurar baki. Mu a zatonmu ruwa ne ya fi komai sauƙin haɗiya. Shin abinci da numfashi hanya ɗaya suke bi ko biyu? In ɗaya ce, me ke raba su? Wasu a gida sun ce belinsa ne ya sauko, a kira wanzami. A taimaka mana da bayani.

Malamin Sassan Jiki, Samaru

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Hanyar ɗaya ce daga sama, a ƙasa take rabuwa biyu. Bayan hanci da bayan baki duk rami ɗaya suke faɗawa, wani bututun tsoka mai tsawon kamar santimita 12 zuwa 14, wanda ya taso daga gindin ƙoƙon kai ya sauko zuwa daidai ƙashin wuya na 6. A ƙarshensa akwai ƙofa biyu. Ta gaba ita ce gidan murya, wanda zakaran wuya ke gabansa, daga nan bututun iska ya zarce zuwa huhu. Ta baya ita ce bakin bututun abinci, mai tsawon kamar santimita 25, wanda ya sauka zuwa tumbi. Iska daga hanci take shigowa, wato daga sama ta baya, amma ƙofarta tana gaba. Abinci daga baki yake shigowa ta gaba, amma ƙofarsa tana baya. Kin ga dole su gitta wa juna.

Ki ɗauki misalin inda titin mota ya tsallaka layin dogo a Sabon Gari. Titin a buɗe yake kullum, sai jirgi zai wuce ake tare shi na ɗan lokaci. Haka maƙogwaro yake. Hanyar iska a buɗe take dare da rana, har bututun yana da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 da ke hana shi lotsewa. Ita kuwa ƙofar abinci a ɗaure take da wani zoben tsoka, ba ta buɗewa sai loma ta iso.

Tauna da dunƙule loma da tura ta baya da harshe, wannan da ganin damar mutum ne. Da lomar ta taɓa bayan maƙogwaro, al'amarin ya fita hannunsa, wata cibiya a gindin ƙwaƙwalwa ce ke karɓar aikin. Ganda mai taushi, wadda beli ke rataye a jikinta, ta ɗaga ta toshe hanyar hanci. Numfashi ya tsaya cak. Leɓɓan murya guda 2 su haɗe su rufe hanyar iska, wasu naɗe-naɗen nama da ke samansu su ma su matse. Tsokokin ƙarƙashin haɓa su ja wani ɗan ƙashi da ke gindin harshe sama da gaba, shi kuma ya ja gidan murya gaba ɗaya kamar santimita 2, ya shige ƙarƙashin gindin harshe. Wannan jan ne ke sa marfin maƙogwaro, wani guringuntsi mai siffar ganye, ya kifa a kan ƙofar iska, kuma shi ne ke taimakawa wajen buɗe zoben ƙofar abinci. Sai tsokokin maƙogwaro su matso lomar daga sama zuwa ƙasa, ta shige, zoben ya koma ya ɗaure. Duk wannan a cikin kamar daƙiƙa 1 ne. Ki ɗora yatsa a zakaran wuyanki ki haɗiyi yawu, za ki ji ya hau ya sauko.

Mutane da yawa, har da ɗalibai, suna ɗauka marfin nan shi kaɗai ne mai gadi. Ba haka ba ne. Rufewar leɓɓan murya da ɗagawar gidan murya su ne ginshiƙi, marfin ƙari ne a kansu. Akwai kuma wata dabara da ba a cika lura da ita ba: mafi yawan haɗiya tana zuwa ne a tsakiyar fitar da numfashi, kuma bayan an haɗiye, iskar ci gaba take yi da fita. In wani ɗigo ya maƙale a bakin ƙofa, waje za a huro shi. Shi ya sa mai haki, ko mai surutu da dariya da loma a baki, ya fi saurin ƙwarewa, don yakan ja iska ciki a lokacin da bai kamata ba.

To ga amsar tambayarki. Aikin nan na buƙatar tsokoki sama da 25 da jijiyoyi 5 daga cikin 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowanne ya shigo a kan lokacinsa. Shanyewar ɓarin jiki na iya raunana harshe da kumatu, ta rage jin taɓawa a maƙogwaro, ta kuma jinkirta tashin haɗiyar. Tuwo mai laushi dunƙulalle ne, a hankali yake tafiya, miyar kuka na riƙe shi wuri ɗaya tana sa shi santsi, yakan jira har ƙofa ta rufe. Ruwa ba ya jira. Harshe mai rauni ba ya iya tare shi, sai ya kwarara baya ya iso mararrabar ƙofar iska tana buɗe. Jinkirin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya isa. Muryar kurkura da kika ji, ruwan ne zaune a kan leɓɓan murya iska na ratsa shi.

Nas ta Tudun Wada

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Malam ya gama da yadda abin yake, ni bari in yi maganar ciyarwa, don a nan ake samun ɓarna a gida.

Kada a taɓa ba shi komai yana kwance ko a kishingiɗe, ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi tsaye sosai, bayansa a miƙe, a tokare ɓarin da ya shanye da matashi don kada ya karkace. Mai ba shi ta zauna daidai tsayinsa ko ƙasa kaɗan. In ta tsaya a kansa, dole ya ɗaga haɓa, kuma ɗaga haɓa buɗe hanyar iska yake yi. Saboda wannan dalili ne ma shan ruwa da bakin buta ko gora, ko tsiyaya masa daga sama, yake da haɗari.

A yi amfani da ƙaramin cokalin shayi, mai ɗaukar mililita 5. A sa abincin ta ɓangaren bakin da ke da lafiya. A jira a ga zakaran wuya ya hau ya sauko, a ce ya sake haɗiya sau ɗaya ba komai a baki, sannan a ƙara. Lokaci-lokaci a ce ya ce "aa". In muryar ta fito garau a ci gaba, in ta fito da kurkura a tsaya, ya yi tari ya sake haɗiya. A kashe rediyo, kada 'yan dubiya su riƙa jansa da hira yana ci. In cin ya haura minti 30 ya gaji ne, gara a raba masa kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini.

Abin da ya fi wahalar da irinsu, bayan ruwa zalla, shi ne abinci mai haɗa ruwa da gudaji: fura da nono da ba a dama ta mutu ba, garin kwaki da ruwa da gyaɗa, shinkafa cikin romo, lemo da kankana masu sakin ruwa a baki. Ruwan yakan riga gudajin yin gaba tun ana tauna. Sai masu warwatsewa irin su dambu, ƙuli-ƙuli, kilishi, gyaɗa da biskit. Burodi kuma yakan liƙe. Abin da ya fi dacewa shi ne mai laushi iri ɗaya daga farko har ƙarshe: tuwo mai taushi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, faten dankali ko wake da aka murje aka tace, kunun gyaɗa mai kauri da aka tace, ayaba da aka dame, kindirmo.

Wani abu game da koko da kunu. Yawu yana da sinadarin da ke narkar da sitaci. In cokali na shiga baki yana komawa kofi, kafin a kai rabi kunun ya tsinke ya zama ruwa. A riƙa zuba kaɗan a ƙaramin kwano, in ya ƙare a ƙaro.

Bayan an gama, a duba cikin kumatun ɓarin da ya shanye, don abinci kan taru a nan bai ji ba, ya kwanta ya zarce masa. A bar shi zaune aƙalla minti 30. A wanke masa haƙora da harshe da dasashi da buroshi mai laushi safe da dare, ko da ba shi da haƙori ko ɗaya. Wannan ba kwalliya ba ce. Yawun da ke sulalewa huhu da dare, in bakin ba tsabta, ƙwayoyin cuta yake kaiwa can.

Magani kuma, kada a daka ƙwaya sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Akwai na hawan jini da aka yi su don su riƙa narkewa a hankali cikin yini, in aka daka sai su shiga jini lokaci guda.

Likitan Kunne, Hanci da Maƙogwaro

Hajiya, kada a kira wanzami. Beli ba ya kusa da inda matsalar take. Yana sama, aikinsa tare da ganda shi ne rufe hanyar hanci, ruwan kuwa a ƙasa yake kuskure ƙofa. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa yana kan asfirin ko wani maganin hana daskarewar jini, yanka a bayan bakinsa na iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa, kuma jinin huhu zai bi tunda gadin ƙofar ya yi rauni. Ga haɗarin ciwon sandarewar jiki, wato tetanus, da sauran cututtuka daga aska. In aka haɗa da gandar wajen yanka, sai abinci ya riƙa fitowa ta hanci, magana ta koma ta hanci. In kun leƙa kun ga belin ya karkace gefe ɗaya, raunin tsokar ganda ne daga ciwon, ba saukowa ya yi ba.

Ina tare da Sista a duk abin da ta faɗa, amma zan ƙara gargaɗi biyu.

Na farko, tarin da ke tayar muku da hankali shi ne ke kare shi. Wanda muka fi jin tsoro shi ne maras lafiyar da ruwa ke shiga huhunsa ba ya tari, saboda jijiyar jin taɓawa ta daina kai saƙo. Don haka "yau bai yi tari ba" ba hujja ba ce cewa komai ya daidaita, kuma wucewar tuwo ba tare da tari ba, ba ta tabbatar da cewa duka tumbi ya tafi ba. Ku lura da zazzaɓi, kaki mai launi, ƙarar ƙirji bayan cin abinci, yawan barci ko ruɗewa fiye da da. Ku ƙirga numfashinsa na minti 1 cur yana hutawa. Babba lafiyayye 12 zuwa 20 yake yi. In ya haura 24, ko ga zazzaɓi tare, a kai shi asibiti a ranar. Nimoniyar da ke biyo bayan irin wannan ta fi kama ƙasan huhun dama, don reshen bututun iska na dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa.

Na biyu, kaurara abin sha ba magani ba ne, dabara ce ta wucin gadi, kuma tana da nata illa. Mai kauri sosai yakan bar saura a lungunan maƙogwaro, ya sulale huhu bayan an gama haɗiya. Sannan mutane ba sa son sa, sai su rage sha. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, tsoho kan bushe cikin kwana biyu. In fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko harshe ya bushe, ruwa bai ishe shi ba. Haka dabarar sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji lokacin haɗiya: tana taimaka wa wasu, ba ta yi wa wasu komai, wasu ma takan ƙara musu matsala. Sai an gwada an gani.

Gwajin iri biyu ne. Akwai siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci a kalli gidan murya ana ba shi abinci da ruwa, akwai kuma hoton da ake ɗauka yana haɗiyar wani farin ruwa mai fitowa a hoto. Ku koma wurin likitan da ke duba shi ku faɗa masa ƙarara cewa yana ƙwarewa da ruwa, ku nemi a tura ku a duba haɗiyarsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati in tana da nisa.

In aka ce a sa masa robar hanci zuwa tumbi, kada dangi su ɗauka alamar ƙarshe ce. Hanya ce ta ba shi ruwa da abinci da magani ba tare da an bi ta mararrabar ba, kafin haɗiya ta dawo. Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma mafi yawansu tana gyaruwa cikin makonni. Wanda ya kai sati 3 yana ƙwarewa ya cancanci a duba shi da kyau.

Bazazzagiya, Gyallesu

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Maganar wanzami an bar ta. Likita, in loma ce ta tsaya masa ba ruwa ba, me za mu yi kafin a samu mota? Mu dai ruwa muka saba miƙa wa wanda ya ƙware.

Likitan Kunne, Hanci da Maƙogwaro

Ruwan nan shi ne abu na farko da za a daina, Hajiya. Wanda ya ƙware ƙofar iskarsa ce a cikin matsala, ƙara masa ruwa ƙara mata kaya ne.

A fara duba ko iska na wucewa. In yana tari da ƙarfi, ko yana iya magana, hanyar ba ta toshe duka ba. A sunkuyar da shi gaba, a bar shi ya yi ta tari, ba abin da ya kai tari ƙarfin fitar da abu. In kuwa ba murya, ba tari sai yunƙuri, ya dafe wuya, leɓe ya fara canja launi, to ta toshe, kuma ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Daga Gyallesu ba za a kai ko'ina cikin wannan lokacin ba, wanda ke ɗakin shi ne zai yi aikin, wani kuma ya nemo mota.

A tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, a sunkuyar da shi sosai, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu, da ƙarfi, har sau 5, ana dubawa bayan kowane bugu. In bai fito ba, a zagaya bayansa, ko yana kan kujera ne, a dunƙule hannu a ɗora sama da cibiya kaɗan, ƙasa da ƙarshen ƙashin ƙirji, a kama da ɗaya hannun, a fizgo ciki da sama har sau 5. Wannan matsar cikin ita ce dabarar da wani likitan Amurka, Henry Heimlich, ya bayyana a 1974: iskar da ta rage a huhu ce ake turowa ta ture abin. A riƙa sauyawa 5 da 5. Mai juna biyu ko mai ƙiba sosai, a tsakiyar ƙirji ake matsawa. In ya suma, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, a leƙa baki, in an ga abin a ciro. Kada a zura yatsa ana lalube, tura shi ciki ake yi. Duk wanda aka matsa wa ciki, ko ya warware, likita ya duba shi.

Ungozoma, Ƙofar Doka

Tunda gida ne mai yara, Likita ka ba ni dama in ƙara. Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ba a matsa masa ciki. A kifa shi a kan damtse, kansa ƙasa da ƙirjinsa, a tallafi haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗu sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, ƙasa kaɗan da layin nonuwa.

Hanyar iskar jariri faɗinta bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, ta ƙaramin yaro ma ba ta fi ɗan yatsansa ba, kuma turamen haƙoransa masu niƙa ba su gama fitowa ba. Gyaɗa, aya, gurjiya, ƙwallon dabino, guntun goro, kada a ba ɗan ƙasa da shekara 5 su a dunƙule. Gyaɗa ta fi muni, don man da ke cikinta yana kumbura bututun huhu. Yaro kan ƙware, ya yi tari, ya lafa, iyaye su manta, bayan sati ya fara tari da zazzaɓi da shaƙar numfashi ta gefe ɗaya, a yi ta ba shi maganin tari. Duk yaron da tarinsa ya faro farat ɗaya yana ci ko yana wasa, a faɗa wa likita wannan, ko hoton ƙirji bai nuna komai ba, don gyaɗa ba ta fitowa a hoto.

Sai ɗura. In aka kwantar da yaro aka toshe masa hanci aka cika bakinsa da koko yana kuka, an tilasta masa jan iska ta bakin da ke cike, wato daidai abin da Malam ya ce maƙogwaro ke gudu. Kowane jan numfashi na kuka buɗe leɓɓan murya yake yi. Maganin ruwa ma haka: a zaunar da shi a cinya, a ɗiga kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu da sirinji ko cokali, a jira ya haɗiye. Yaron da ya sha kananzir kuma kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara, don illar kananzir a huhu take, amai kuwa sake biyo da shi yake yi ta bakin ƙofar iska. A cire masa kayan da suka jiƙe, a riƙe shi a zaune, a wuce asibiti.